Ragar Da Ke Jikin Katangar Yaya

Filin ƙwallon garinmu yana kan tudu, bayan makarantar firamare, kuma shi ne wuri na ƙarshe da ruwa yake taɓawa idan kogin Haɗeja ya tumbatsa. Shi ya sa filin bai taɓa zama namu mu kaɗai ba. Da kaka mata su shanya shinkafa a kai, da damina a ɗaure awaki, ranar Sallah a yi Idi. Mu 'yan ƙwallo abin da ya rage muke samu, amma a lokacin gani nake mu ne masu wuri, sauran duk 'yan aro ne.

Sana'ata gyaran injin ban-ruwa ce. Koci kuwa ba wanda ya naɗa ni. Gwiwata ce ta ƙi, na daina bugawa, bakina kuma ya ƙi mutuwa, sai samarin suka ga gara su ba ni usur da a ce ina yi musu masifa daga gefe ba muƙami. Ina da saurin fushi, garin kowa ya sani. Na taɓa bin alƙalin wasa da gudu har bakin kwalta da wannan ƙafar tawa, ban kama shi ba, amma bai sake zuwa garinmu ba.

Turakun ragar filin nan ni na sare su daga darbejiyar gonar mahaifinmu. Na ɓare su, na bar su suka bushe, na kafa, na shafa musu farin fenti. Duk wanda ya ɗaure akuya a jikinsu sai ya ji ba daɗi daga gare ni. Raga ɗaya tana yamma, wajen azuzuwa. Ɗayar tana gabas, a jikin katangar gidan yayata, wadda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ita ce babba ni ne auta.

Ɗanta na fari shi ne golanmu. Ya haura shekara ashirin, dogo ne, tafin hannunsa kamar faranti, yana noman shinkafa da mahaifinsa. Bai iya magana mai yawa ba, amma idan ya shiga raga sai ya zama wani mutum. In ya kama ƙwallo, 'yan kallo su ja sunansa da ƙarfi, su tafa, su sake ja. Har yara masu tallan gyaɗa sun iya. Ba zan rubuta sunan a nan ba. Uwarsa ba ta taɓa faɗa ba, ni ma zan bi sahunta.

Yaya irin mutanen da ce, masu kunyar ɗan fari ta gaske. Tun da aka yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi, bai dawo gidan ba sai da tsohuwar ta rasu. Ko da ya dawo, Yaya ba ta kallonsa ido da ido. In za ta ba shi abinci sai ta ce wa ƙanwarsa, "Kai wa yayanki." In da ni take magana sai ta ce "ɗan naka." Zancen ƙwallo kuwa ba ta da abin rainawa kamarsa.

"Ƙato da gemu yana birgima a ƙasa saboda fata," take cewa. "Kai ma Auta da hankalinka."

Sana'arta turara shinkafa. Murhunta da manyan tukwanenta suna jikin wannan katangar, daidai bayan raga, kuma da la'asar take hura wuta, lokacin da muke wasa. Hayaƙin ya haura katanga ya shiga idon golana. Na yi mata magana ba sau ɗaya ba. Na ce, "Yaya, ga fili can wajen rijiya, iska ma ta fi kyau, ki mayar da murhun nan." Sai ta ce gidanta ne, in hayaƙi ya dame mu mu ɗauke filinmu. Haka muka yi shekaru muna wannan rigimar.

Shekarar da ruwa ya karya jingar da ke tare kogi, hanyar mota ta yanke gaba ɗaya. Wanda zai fita gari sai ya hau kwale-kwale zuwa bakin titi. Ranar kasuwar Kafin Hausa jirgi ya cika da mata da 'yan mata da buhuna, da wasu maza masu kai awaki. Ya kife a inda ciyawar kacala ta matse hanyar ruwa, ruwan yake gudu da ƙarfi. Ina tsugune a kan wani inji da hantsi na ji kururuwa daga bakin kogi, irin wadda ba a tambayar ko lafiya.

Ba zan faɗi adadi ba. Rediyo ta faɗi nata, mu kuma mun san gidajen da aka shiga. Da yake ko'ina ruwa ne, a filin ƙwallo aka jera gawawwakin, a tsakiya, inda ake take wasa. Na tambayi ina ɗan yayata, wani ya ce ya gan shi a tsallake yana taimaka wa masu nema. Hankalina ya kwanta ta wannan ɓangaren, na shiga cikin masu haƙa kabari.

Maƙabartarmu ma a tudun take, ruwa bai kai ta ba. Matsalar itace ce. Kowane kabari yana buƙatar guntayen itacen da za a jera a bakin ramin ciki kafin a sa ganye da laka, ga kaburbura da yawa a yini ɗaya, ga bishiyoyin duk suna cikin ruwa. Aka kwaso na masu sayar da itacen girki, ya ƙare. Aka ciro turakun wata rumfa, suka ƙare. Sai liman ya ɗaga kai ya dubi filin. Wani saurayi ya fahimta, ya ɗauki gatari ya nufi ragar yamma, wani kuma ya nufi ta gabas.

Ina tsaye da laka har gwiwa, sai na ji bakina ya ce, "Duka biyun za ku sare? Ku bar mana ɗaya mana."

Da ƙarfi na faɗa, don ban iya magana a hankali ba. A gabana akwai wani dattijo masunci wanda 'ya'yansa mata biyu ke kwance cikin likkafani suna jiran itace. Ya dube ni, ba da fushi ba, kamar dai yana son ya tabbatar ni ne na yi maganar. Sannan ya ce wa saurayin da ya nufi ta gabas, "Ku bar masa."

Na ce a'a, a sare, ban san abin da na faɗa ba. Ba wanda ya kula ni. Aka sare ta yamma, aka ɓalle ƙyauren wani aji da wasu bencina aka cike. Ragar gabas ta tsaya ita kaɗai da farin fentinta, duk wanda ya dawo daga maƙabarta sai ya wuce ta gabanta. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan yinin ba, kuma ina tsammanin ta kai iyaka.

Washegari da safe aka samu ɗan yayata cikin kacala, can ƙasa da inda jirgin ya kife. Wanda ya ce ya gan shi a tsallake bai yi ƙarya ba. Ya fita daga ruwan, ya koma ciki neman wasu, bai sake fitowa ba. Wasu sun ce ya fito da mutane kafin nan, wasu sun ce bai samu kowa ba. Ban sani ba, kuma ban bi diddigi ba.

Ba wanda ya yi mini maganar itace. Ni na je na ari gatari, na sare ragar gabas, na daddatse ta. Mahaifinsa ya kasa shiga kabarin, sai ni kawunsa na shiga. Ana miƙo mini guntayen ina jerawa, farin fentin yana kallona har aka rufe da laka.

A zaman makoki Yaya ba ta yi hawaye ba. Tana zaune a tabarma da carbi, in an yi mata gaisuwa ta ce, "Haƙuri sai ma'aiki," ta tambayi ko an kai wa baƙi ruwa. Mata suka yi ta yabonta. Suna cewa kun ga mace mai tawakkali, kun ga kunya irin ta da. Masu gaisuwa kuma "marigayi" suke cewa, ko "yaron nan," don kada su sa ta a tsaka mai wuya. Ni ma haka na gani, na ce Yaya dutse ce, Allah ya ba mu irin zuciyarta.

Manyan mutane sun zo, iya inda mota za ta kai, aka ƙarasa da su a jirgi sanye da rigar hana nitsewa wadda mu ba mu taɓa gani ba. Suka yi ta'aziyya, aka ɗauki hoto, suka tafi. Bayan addu'ar bakwai sai wani daga cikin masu shirya gasar ƙauyuka ya kira ni a waya. Ya yi mini gaisuwa da ladabi, sannan ya ce sun ɗage mana wasanmu, in mun shirya za a ɗaura baƙin ƙyalle a hannu, a yi shiru na minti ɗaya kafin a take. Bawan Allah bai yi laifin komai ba, amma a kansa na sauke. Na ce shirun minti ɗaya zai fito da wa daga kabari? Na ce garin da aka binne mutane da turakun raga shi za ka kira da zancen kofi? Na kashe wayar.

Daga nan na zama babban mai gaba da ƙwallo a garin. Na tattara jesunan ƙungiya na raba wa waɗanda ruwa ya ci kayansu. Shi ya sa a watannin nan za ka ga tsoho da furfura zai tafi masallaci da lamba tara a bayansa. Usur ɗin na jefa cikin akwatin sifanu. In na ga yara suna buga ƙwallon leda a lungu sai in daka musu tsawa, in ce ba ku da kunya ne, ba ku san abin da ya faru a garin nan ba? Su watse suna waigena.

Gaskiyar magana ba don mamatan nake yi ba. Duk tsawar da na daka, kaina nake daka wa. Ina so garin ya ga mutumin da ya ce a bar masa raga ɗaya ya tuba, ya fi kowa tuba.

Garin ma dai kunyar yake ji, kowa da irin tasa. Gidan kallon ƙwallo ya yi kwanaki a rufe, sannan ya buɗe a hankali, an rage murya kamar ana jinya a ciki. Magidanta su zo su wuce ƙofar, su waiga, su dawo su faɗa ciki da sauri. In an ci ƙwallo sai ka ji ihu ya taso ya katse a tsakiya. A majalisarmu ta bakin shagon mai shayi aka yi ta gardama. Wasu suka ce rayuwa ba ta tsayawa, an koma gona, an koma kasuwa, har ɗaurin aure an yi, me ya sa ƙwallo ce kaɗai za ta yi takaba? Wasu suka ce gona da kasuwa dole ne, ƙwallo kuwa wasa ce, kuma ba a wasa a inda aka jera gawa. Ni ne kan gaba a masu magana ta biyun. Amma in zan wuce gidan kallon sai in ji ƙafata ta rage sauri, kunnena yana neman jin wa ke ci. In na kama kaina sai in tsani kaina.

Ruwa ya janye, aka yi girbin abin da ya tsira, aka fara shirin noman rani. Filin ya zama wurin shanya kawai. Inda turakun suke sai kututture huɗu da suka rage a ƙasa, awaki suna goga jiki.

Wata Juma'a bayan la'asar na shiga gaida Yaya. Na same ta a jikin katangar, ta ɗora tukunya, tana tura itace. Ta rame, amma ba wanda zai ce ga abin da ke damunta. Muka gaisa, ta tambayi iyalina, ta tambayi gwiwata. Na zauna a kan turmi. Ta bayan katangar ba abin da ake ji sai kukan akuya.

Ta daɗe tana gyara wutar da ba ta buƙatar gyara, sannan ta ce, "Auta, wasan naku an hana ku ne?"

Na ce, "Ba wanda ya hana, Yaya. Ni na rufe."

"Saboda me?"

Na yi mamaki. Na ce, "Haba Yaya. Bayan abin da ya faru? Da wane ido zan dubi mutane? Ai ke kika sha faɗa mini aikin banza ne, yanzu na yarda."

"Aikin banza ne mana," ta ce. Ta buɗe tukunyar, tururi ya rufe mata fuska, ta mayar da murfin. "Na dai ga shirun ya yi yawa."

Na ce ai gara haka, ta huta da hayaniya, ta huta da ƙwallo tana faɗo mata cikin shinkafa. Har na yi ƙoƙarin tsokanarta, na ce yanzu hayaƙinta ba ya damun kowa, ta ci nasara. Ba ta yi dariya ba.

"Kai dai ba ka da ganewa tun kana yaro," ta ce. Bayanta ta ba ni, tana magana da tukunya. "A gidan nan ba mai kiran sunan, saboda ni. Uban ma ba ya faɗa. Ƙannensa kuma yaya suke ce masa. Da masu gaisuwa suka zo, kowa marigayi, marigayi. Ni kuma ka san ba zan faɗa ba, ban faɗa yana raye ba balle yanzu." Ta tura itace cikin wutar. "Ta nan kawai nake ji."

Ta nuna katangar da muciya, ba ta ɗago ba.

Na dubi murhun, na dubi katangar da hayaƙin shekaru ya baƙanta, na dubi filin da ke wajen rijiya wanda na yi ta cewa ta koma. Sai a ranar na gane abin da ya sa ta ƙi. Duk la'asar ɗin da nake can ina masifar hayaƙi, tana nan tana jin gari guda yana kiran sunan ɗanta. Ni kuma na rufe filin don in wanke fuskata, ban ko tambayi wa ke sauraro ba. Kunya ta sake rufe ni, ta fi ta ranar maƙabarta nauyi, don wannan ba mai gani sai ni.

Na ce, "Yaya, ko an dawo da wasan, ai ba shi ne a raga ba."

"Na sani," ta ce. "Ni ban ce ka yi komai ba. Tashi ka miƙo mini kwandon can."

Ban iya barin maganar ba. Amma kafin in kafa ko turke ɗaya akwai ƙofar da dole in je, ta dattijon nan masunci. Na yi kwanaki ina kewaya unguwarsu kafin in yi sallama. Na same shi a zaure yana ɗinkin komar kamun kifi. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ni ne wanda ya yi maganar nan a maƙabarta."

"Na gane ka," ya ce.

Na ba shi haƙuri. Na ce ina so a dawo da wasa a filin, amma in ya ce a'a, an bar shi har abada. Ban faɗa masa zancen Yaya ba, don ba nawa ba ne da zan kai waje. Na soma kame-kame, ina cewa samari sun zama ba abin yi, kuma za a yi addu'a ga mamatan kafin a fara, wasan ma don tunawa da su ne.

Ya ajiye komar ya ce, "Tsaya. Ku yi wasanku, filin ba nawa ba ne. Samari suna so, ku yi. Amma kada ka ce don 'ya'yana kake yi. Ba su san ƙwallo ba, ni ma ban san ta ba. Ba zan zo ba, kuma ranar zan tafi kogi don kada in ji."

Na ce na gode, Baba. Ya ce Allah ya ba mu haƙuri gaba ɗaya, ya ci gaba da ɗinkinsa. Na yi masa sallama na fito. Gaskiya ya faɗa, kuma har yau ba ni da amsarta. Ƙwallo ba ta da abin da za ta yi wa wannan dattijo sai ƙarin ciwo.

Na sake sare darbejiya. Wannan karon ban shafa fenti ba, hannuna ya ƙi. Samarin suka dawo ɗaya bayan ɗaya, wasu suna sunkuyar da kai kamar masu shiga gidan surukai. Jesi babu, na raba, sai kowa ya zo da farar singileti. A raga muka sa wani siririn saurayi da ke zaman benci a da, mai tsoron ƙwallon sama. Da ya tsaya a ragar gabas a atisayen farko sai ya ce, "Koci, ni fa wurin nan ya yi mini girma." Na ce ya rufe mini baki ya buɗe ido.

Muka gayyaci wata ƙungiya daga wajen Kaugama, wasan sada zumunci. Na ɗauka mutum kaɗan za su zo, sai ga filin ya cika, amma cikar ba irin ta da ba. Mutane suna tsaye hannu a baya, ba mai kiɗa, ba mai tsokana. Liman ya yi addu'a aka shafa. Na saci kallon katangar Yaya, hayaƙi yana tashi.

Rabin farko ya wuce kamar ana aikin gayya ba abinci. In an yi bugu mai kyau sai a ɗan tafa a daina. Ni kaina ban zagi kowa ba, har alƙalin wasa yana waigena ko lafiya. Bayan hutu muka koma ragar gabas. Can sai ɗan bayanmu ya kwashe ƙafar ɗan wasansu a cikin da'ira, alƙali ya busa fenareti. Siririn golan namu ya tsaya a tsakiyar raga. Aka buga. Ya rufe ido ya faɗi hagu, Allah ya taimake shi ƙwallon ta faɗa ƙirjinsa, ya rungume.

Filin gaba ɗaya ya ja sunan ɗan yayata.

Ba wanda ya shirya. Baki ne ya saba, shekara da shekaru in an kama ƙwallo a wannan ragar sunan da ake kira ke nan. Suka ja, suka tafa, har an soma ja na biyu sai kowa ya ji abin da yake faɗa. Ihun ya mutu nan take. Na ga magidanta suna kallon ƙasa, wani ya toshe bakinsa da hula. Baƙin daga Kaugama suka tsaya suna kalle-kalle, ba su san me ya faru ba. Golan namu yana kwance da ƙwallo a ƙirji yana kuka. Ni ma da bakina aka kira, na fi kowa murya.

Aka ƙarasa wasan a sanyaye. Yaron ya sake kama wasu, ba wanda ya ce uffan. An ci mu ɗaya, ba wanda ya damu. Da aka tashi mutane suka yi ta zuwa suna ba ni haƙuri, wai subul da baka ne, in ba Yaya haƙuri in ta ji, an fama mata ciwo. Na ce to.

Na shiga gidan kafin magariba. Tana jikin katangar, ta sauke tukunya tana baza shinkafa a tabarma. Idanunta sun yi ja, amma mai aikin hayaƙi ba a yi masa wannan tambayar. Na zauna a kan turmi na rasa ta inda zan fara.

Ita ta fara. "Sabon naku bai iya ba ne? Sau ɗaya na ji."

Na ce, "Ya kama da dama, Yaya. Wancan ɗin ma kuskure aka yi. Mutane ne suka manta, bakinsu ya riga su. Da suka tuna sai kunya ta kama kowa, suka yi shiru. Sun ce in ba ki haƙuri."

"Mantawa suka yi?"

"Mantawa suka yi."

Ta ci gaba da baza shinkafar da tafin hannu, a hankali, har ta kai bakin tabarma. Sannan ta ce, ba ta dube ni ba, "To, Allah ya sa su riƙa mantawa."